JARRABAWAR DA TA RABA KUDU DA AREWA A ƘASAR SIN

'Yar'uwa, duk gidan da ake da ɗalibi an san yadda ake kwana idan sakamakon jarrabawa ya kusa fitowa. Uwa ba barci, 'ya ba cin abinci. Idan ya fito kuwa, gidan da aka ci sai a ce ai jarrabawa ba ta ƙarya, gidan da aka faɗi a ce an yi son kai. To wannan gardama ta girmi WAEC da aka kafa a 1952, balle JAMB ta 1978. Mutanen ƙasar Sin sun yi shekara kusan 1,300 suna yin ta, har sai da ta ci rayukan mutane.

Wajen shekarar 605 ne sarakunan Sin suka fara ɗaukar ma'aikatan mulki ta hanyar jarrabawa. Kafin nan ɗan sarauta shi ke samun muƙami, ko da kuwa kansa ba ya ja. Da tafiya ta yi tafiya, musamman a zamanin daular Song wadda ta fara a 960, sai ya zama duk mai son ya zama alƙali ko gwamna dole ya bi ta wannan rariya. Ana fara ta daga gunduma, a je lardi, a je babban birni, ta ƙarshe a fadar sarki. Wanda ya haye ko da matakin farko ne, ba a sa shi aikin tilas, ba a yi masa bulala. Wanda ya haye na ƙarshe kuwa ya warke shi da danginsa. Ranar da ake kafe sunaye, attajirai masu 'yan mata har dako suke yi a gindin allon, da an ga saurayi ya ci sai a yi caraf da shi a yi masa tayin aure, ba a ma tambayar asalinsa.

Wahalarta fa? Yaro tun yana ƙarami zai fara haddar littattafan magabata, rubutun da ya haura kalmomi 400,000. A jarrabawar lardi, wadda ake yi duk bayan shekara 3, ana caje mutum tun daga hula har takalmi, guzurinsa ma sai an farfasa an duba ko ya cusa takarda. Sannan a saka shi wani ɗan akurki da bai fi faɗin tabarmar sallah ba, da katako biyu, ɗaya na zama ɗaya na rubutu, ya kwana biyu a ciki. Sau 3 ake wannan shiga. Filin jarrabawar birnin Nanjing kaɗai yana da irin waɗannan akurkai sama da 20,000. Cikin mutum 100 da ƙyar 1 ko 2 ke hayewa.

Amma a gaskiya sun yi ƙoƙari wajen toshe ƙofar son kai, abin har ya ba da mamaki. Ana manne sunan mai takarda. Don kada malami ya gane rubutun hannun ɗan amininsa, akwai magatakarda da ke sake kwafe amsoshin da jan tawada, kwafin nan shi ake kai wa mai dubawa. Kin ga ke nan mudu ɗaya ake auna wa kowa, ɗan waziri da ɗan manomi.

Sai dai mudu ba ya tambayar gonar wa ta sami ruwa. Wane manomi ne zai iya sakin ɗansa shekara 15 ko 20 yana karatu, ba noma ba kiwo, ga kuɗin malami ga na littafi? Akan samu ɗan talakan da ya tsallake, shi ne ake ta ba da labarinsa, amma yawanci 'ya'yan masu hali ne. Mata kuma ko ƙofar filin ba a barin su shiga, alhali su ke ɗauke da nauyin abin. Akwai wani shahararren malami kuma babban jami'i, Uyang Shiyu, wanda ya ci jarrabawar a 1030. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara 4, ba kuɗin takarda, uwarsa ce ta koya masa rubutu da kara a kan yashi. Ita da ta koyar ba ta da damar zama. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Babbar rigimar ta faru a 1397, zamanin Sarki Hongwu, wanda ya kori Mongolawa ya kafa daular Ming a 1368. Da aka kafe sakamakon jarrabawar babban birni, mutum 50 da 'yan kai suka ci, kuma dukkansu 'yan kudu ne. Ko mutum ɗaya babu daga arewa. Ɗaliban arewa suka yi ca, suka ce ai shugaban masu dubawa, wani dattijo mai suna Liu Sanwu wanda ya haura shekara 80, ɗan kudu ne, 'yan'uwansa ya zaɓa. Sarki ya sa wasu malamai su sake dubawa. Suka duba, suka dawo suka ce masa hukuncin farko daidai ne, takardun 'yan arewa ba su kai ba.

Sarki ya fusata. Aka zargi masu binciken da cewa takardu marasa kyau suka tsamo da gangan suka nuna masa. Aka kashe shugabansu da wasu daga cikinsu, har saurayin da ya zo na ɗaya bai tsira ba. Dattijo Liu saboda tsufansa aka kore shi zuwa bakin iyaka. Sarki ya shirya wata jarrabawar da kansa, mutum 61 suka ci, duk 'yan arewa.

To wa ke da gaskiya? Ni dai a ganina dattijon nan an zalunce shi, domin sunaye a rufe suke, kuma ba a taɓa kawo hujjar ya ci amana ba. Su ma 'yan arewa kukansu na kan hanya. Yankinsu ya sha yaƙe-yaƙe shekara da shekaru, garuruwa sun watse, makarantu sun mutu. Kudu kuwa ga shinkafa, ga siliki, ga masu buga littattafai, ga malamai a kowace unguwa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Shi kuma sarki abin da ya dame shi daban: idan rabin ƙasa suka fitar da rai cewa 'ya'yansu za su taɓa shiga gwamnati, wa zai riƙe masa su?

Shekara 30 bayan haka, a 1427, aka fara aiki da kaso: cikin gurbi 100, kudu 60, arewa 40. Daga baya aka ware wa yankin tsakiya 10, kudu ta koma 55, arewa 35. Wannan lissafi ba zai yi miki baƙo ba, domin irinsa aka tsara wa jami'o'in tarayya a Najeriya: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Kason ya kwantar da tarzoma a Sin, amma bai gina makaranta ko ɗaya ba. Har zuwa daular ƙarshe, fiye da rabin waɗanda suka zo na ɗaya a duk ƙasar daga larduna 2 na kudu suka fito. Kuma gurbin da aka ware wa arewa, ɗan mai kuɗin arewa ne ya fi cin sa. Mu ma nan, yarinyar da aka cire daga aji 4 aka ɗora mata tallar goro, da me kashi 20 ɗin nan zai amfane ta?

Waɗanda suka faɗi su ne suka fi yawa, kuma ba a cika tuna su ba. Akwai masu furfura da ke zama tare da sa'o'in jikokinsu. Wani malamin ƙauye mai suna Hong sau 4 yana faɗuwa, har ya taɓa kwanciya ciwo saboda baƙin ciki. Daga baya shi ya jagoranci tawayen Taiping, wanda aka yi ta gwabzawa har 1864, aka yi asarar rayuka aƙalla miliyan 20. Ba jarrabawa kaɗai ta jawo wannan ba, akwai yunwa da zaluncin mahukunta, amma da ita aka fara ƙulla masa ƙiyayyar gwamnati.

Abin da ya kashe ta a ƙarshe shi ne abin da take tambaya. Turawa da Japanawa sun zo da jiragen yaƙi da injuna, su kuwa manyan ƙasa ba abin da suka ƙware a kai sai tsara jimla irin ta magabata, tun da abin da za a tambaya shi kaɗai ake karantawa. A 1905 aka soke ta. Umarnin ya fito ne daga fadar da wata mace, uwar sarki Sishi, ke juya ta, kamar yadda wata sarauniya mai suna Wu tana cikin waɗanda suka ƙarfafa jarrabawar wajen shekarar 690. Tsakanin su biyun an yi shekara sama da 1,200, kuma ba a taɓa kafe sunan mace a allon sarki ba.