Haɗarin wutar lantarki a aikin gyaran masana'antu

Haɗarin wutar lantarki a aikin gyaran masana'antu shi ne rauni ko mutuwar da ke iya samun ma'aikaci yayin da yake gyara, share ko duba inji, taransifoma ko akwatin rarraba wuta. Masu gyara sun fi sauran ma'aikata shiga wannan haɗari, domin aikinsu yana sa su buɗe murfin da ke kare mutane daga wayoyi masu wuta.

Yadda wuta ke illata jiki

Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, wadda ake aunawa da amfiya, da tsawon lokacin da ta ɗauka, da hanyar da ta bi. Mutum yana fara jin wuta daga kimanin miliamfiya 1. Tsakanin miliamfiya 10 zuwa 20 tsokar hannu tana ƙanƙamewa, har mutum ya kasa sakin wayar da ya riƙe. Daga kimanin miliamfiya 50 zuwa 100, idan wutar ta bi ta ƙirji, bugun zuciya yana iya rikicewa, jini ya daina zagayawa, mutum ya mutu cikin mintuna kaɗan. Busasshiyar fata tana rage shigar wuta, amma gumi ko ruwa yana sauƙaƙa mata hanya. Saboda haka wutar bolt 230 da ake amfani da ita a Najeriya ta isa ta yi kisa.

Charles Dalziel, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya yi fice wajen binciken tasirin wuta a jikin ɗan Adam, kuma a 1961 ya ƙirƙiro na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa zuwa ƙasa. Irin waɗannan na'urori da ake sawa domin kare rai galibi suna yankewa a miliamfiya 30.

Wani haɗarin kuma shi ne fashewar tartsatsi. Yana faruwa ne idan wuta ta tsallaka ta iska tsakanin wayoyi biyu, misali idan sifana ya faɗa cikin akwatin wuta. Zafinsa yana iya kaiwa kusan digiri 19,000 a ma'aunin Salshiyos, yana ƙona fata da tufafi ko da mutum bai taɓa waya ba.

Musabbabai

Daga cikin abubuwan da suka fi jawo haɗarin akwai yin aiki ba tare da an kashe wuta ba, da kashe makunnin da ba shi ne na injin ba, da kuma wani ya maido da wuta bai san akwai mutum a kan aiki ba. Kafasita tana riƙe wuta bayan an kashe inji. A wuraren da ake amfani da janareta ko batura, wuta tana iya dawowa ta layin da ake zaton ya mutu idan ba a haɗa makunnin canji daidai ba.

Matakan kariya

Ƙa'idar Turai mai lamba EN 50110 ta tanadi matakai biyar kafin a fara aiki:

1. A yanke wuta daga duk inda take shigowa.
2. A kulle makunni yadda ba wanda zai iya kunnawa.
3. A gwada da na'ura a tabbatar babu wuta.
4. A haɗa wayoyin da ƙasa, a kuma haɗa su da juna.
5. A rufe ko a killace sassan da ke kusa waɗanda har yanzu suke da wuta.

A mataki na biyu, kowane ma'aikaci yana sa kwaɗonsa a kan makunni, ya rataya kati mai sunansa, ya riƙe mabuɗin a wurinsa. Idan mutum biyar ne ke aiki, kwaɗo biyar ake sawa, kuma wuta ba za ta dawo ba sai na ƙarshe ya cire nasa. A mataki na uku, ana gwada na'urar gwajin kanta a kan layi mai wuta kafin gwaji da bayansa, domin lalatacciyar na'ura tana nuna babu wuta alhali akwai. Safar hannu ta roba, kayan aiki masu rufi da tufafi masu jure tartsatsi ƙari ne, ba sa maye gurbin kashe wuta.

Dokoki

A Amurka, hukumar OSHA ta fitar da dokar kulle makunni da rataya alama a 1989, ƙa'idar NFPA 70E kuwa ta fara fitowa a 1979. Birtaniya ta yi dokar lantarki a wurin aiki a 1989. A Najeriya, hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba ingancin haɗin wuta da kayan lantarki.

Taimakon gaggawa

Ba a taɓa wanda wuta ta kama da hannu, domin mai ceto shi ma za ta kama shi. Ana fara kashe wutar. Idan hakan bai yiwu ba kuma wutar ƙarama ce, ana ture shi da busasshen katako. Idan babban layi ne, ba a kusantarsa sai an tabbatar an yanke wuta. Idan ba ya numfashi, a fara danna ƙirji nan take, a kuma nemi likita. Ko da ya farfaɗo, a kai shi asibiti, domin wuta tana ƙona cikin jiki ba tare da alama mai yawa a fata ba.