Yadda Ruwan Tiga Ya Sauya Akushin Kura

Kafin ruwan Tiga ya iso, abincin mutanen Kura da Bunkure dawa ne da gero: tuwo da dare, ɗumame ko koko da safe, fura da rana. Shinkafa ta ranar Salla ce da biki. Wadda ake samu a fadamun ƙasar Hausa a wancan zamani galibi ja ce, irin Afirka na asali da aka fara nomawa a bakin Kogin Kwara cikin ƙasar Mali ta yau, kuma a turmi ake surfa ta, dusarta ba ta gama fita ba.

Gwamnatin Audu Baƙo ce ta gina madatsar Tiga, aka kammala a 1974, aka jawo ruwa ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Hekta 22,000 aka tsara wa kashin farko, kuma alkama da tumatir ne a ran masu tsarin. Manoma kuwa suka bi inda riba take. Shinkafa ta fara cin gonaki da damina, daga baya ta shiga rani, sunaye irin su Faro 44 da Wita da Jamila suka zauna a bakin kowa. Bashin noma na Anchor Borrowers a 2015 da rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 suka ƙara mata wuta.

Yau akwai gidajen da ake ɗora tukunyar shinkafa sau biyu a yini, a daidai lokacin da masu ciwon suga ke ƙaruwa a asibitocin Kano. Ba ita kaɗai ke da laifi ba, akwai lemon kwalba da zama wuri guda da gado, amma ita ce ke cika kwano, don haka a kanta ake yawan tambayar likita.

Amsar tana cikin wata tsohuwar sana'ar matan Kura, wato gumi. A jiƙa shanshera, a turara ta a durom, a baza a rana ta sha iska, sannan a kai injin casa. Don ƙwayar ta daina karyewa ake wannan wahala, ba don magani ba. Sai dai turarar na tura wasu sinadaran dusa cikin ƙwayar, ta kuma sa garinta ya yi tauri, ciki ya daɗe yana narkar da shi. Shi ya sa shinkafar da aka guma ba ta ɗaga sugan jini da saurin ɗanyar shinkafar tuwo, wadda ake dafawa ta yi luguf sannan a tuƙe. 'Yar gwamnati ma galibi gumammiya ce, amma manyan injina na goge ta har ta yi sheƙi, dusar da ke rage wa suga gudu ta tafi abincin dabbobi. 'Yar Hausa mai ɗan duhu, da ake rainawa saboda tsakuwa, ta fi ta a nan, muddin ba a matsa mata casa ba.

Duk da haka gumi ba lasisin cika faranti ba ne. Kowace iri ce, yawanta na ɗaga suga. Mai wannan lalura ya nemi gumi mai saura dusa, a dafa ta warara, wake ya yi yawa kamar na garau-garau, a haɗa da zogale ko salak, a rage mai. Tuwon shinkafa kuma ya bar shi sai jefi-jefi. In yana da na'urar gwaji, ya auna jininsa awa 2 bayan cin abinci, ya kai wa likitansa sakamakon.