Gonar Wa Ake Yi wa Gayya? Nazari a kan Ayyukan Muki Haklay

Fiye da ƙarni biyu zana taswirar ƙasa yana hannun hukuma, kuma sau da yawa yana hannun soja, domin hukumar safiyo ta Birtaniya, wato Ordnance Survey, wadda ake ƙirga kafuwarta daga 1791, buƙatar tsaron ƙasa ce ta haife ta. Shigowar kwamfuta ba ta sauya wannan tsari nan take ba, ko da yake ta samar da manhajojin da ke adana bayanan wurare hawa-hawa, hanyoyi a hawa ɗaya, koguna a wani, yawan jama'a a wani, ta yadda za a iya ɗora su a kan juna a yi lissafi. A 1992 Michael Goodchild na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya kawo hujjar cewa tambayoyin da ke ƙarƙashin waɗannan manhajoji, kamar yadda ake auna kuskure da yadda ake wakiltar wuri da lambobi, sun isa su zama fannin ilimi mai zaman kansa, wanda aka sani yau da kimiyyar bayanan ƙasa. Abin da ya buɗe ƙofar fannin ga talaka ya zo daga baya: a watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan, kuskuren na'urar hannu ya sauko daga kusan mita 100 zuwa 'yan mitoci, sannan a 2004 Steve Coast ya kafa OpenStreetMap a Landan, taswirar duniya da kowa ke da izinin ƙara mata hanya ko gyara mata suna. Goodchild ya raɗa wa irin wannan bayani suna a 2007, ya kira shi bayanan ƙasa na sa kai. Bahaushe yana da kalmar da ta fi wannan kama ma'anar, wato gayya, aikin da jama'a ke taruwa su yi ba don lada ba, kuma da ita za a yi amfani a nan.

Muki Haklay, farfesa a wannan fanni a kwalejin UCL ta Jami'ar Landan, yana cikin na farko da suka ɗauki taswirar gayya a matsayin abin aunawa, a lokacin da ƙwararrun masu safiyo ke kallonta a matsayin wasan 'yan koyo. Tambayar da ya fara da ita mai sauƙin faɗi ce: shin abin da mutanen da ba su da horo suka zana, a kan kekuna da ƙafa, da na'urori masu araha, zai iya tsayawa kusa da aikin hukumar da ta shekara ɗari biyu tana auna ƙasar? Binciken da ya yi da bayanan 2008, wanda aka buga a 2010, ya bi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce auna daidaiton matsayi, inda ake ɗaukar layin hanya kamar yadda hukuma ta zana shi, a kewaye shi da ɗamara mai faɗin wasu mitoci dama da hagu, sannan a lissafa kashi nawa na layin 'yan gayya ya faɗo cikin ɗamarar, dabarar da Goodchild da Gary Hunter suka tsara tun 1997. Ta biyu ita ce auna cikar aiki, inda aka yayyanka Ingila gida-gida, kowane gida murabba'in kilomita ɗaya, aka kwatanta jimillar tsawon hanyoyin da ke cikin kowane gida a taswirorin biyu.

Sakamakon hanya ta farko shi ne wanda ya yi suna. Hanyoyin da 'yan gayya suka zana sun kauce wa na hukuma da kimanin mita 6 a matsakaici, manyan titunan mota kuma sun dace da na hukuma da kusan kashi 80 cikin 100, alhali aikin OpenStreetMap bai wuce shekara huɗu da farawa ba, kuma a wannan ɗan lokaci ya riga ya rufe kimanin kashi 29 cikin 100 na faɗin Ingila. A wani bincike da ya biyo baya a shekarar 2010 ɗin, Haklay da abokan aikinsa sun gwada wata ƙa'ida da masu rubuta manhaja ke jingina wa Linus Torvalds, wadda ke nufin cewa yawan masu duba aiki yana rage kurakuransa, abin da karin magana ya riga ya taƙaita da cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Sun tarar ƙa'idar tana aiki, amma tana da iyaka, domin daidaito yana ƙaruwa sosai da zuwan mutanen farko da suka taɓa wuri, sa'an nan idan adadinsu ya kai goma sha wani abu ƙarin hannu ba ya ƙara wani abin a zo a gani.

Hujjar wannan maƙala ita ce sakamakon hanya ta biyu, wanda ba a cika ambato ba, ya fi na farko nauyi. Da Haklay ya ɗora taswirar cikar aiki a kan ma'aunin talauci da gwamnatin Birtaniya ke fitarwa unguwa-unguwa, sai ya bayyana cewa unguwannin masu hali sun fi samun masu zana su, unguwannin marasa galihu da ƙauyukan da ke nesa da manyan birane kuwa an bar su da giɓi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san yadda gayya take a karkara: ba kowace gona ake yi wa ita ba, gonar mai jama'a ake yi wa, wanda ke da abokai da surukai da hatsin da zai ciyar da su. Mai zana taswira don sha'awa yana farawa ne da titin gidansa da hanyar wurin aikinsa, kuma binciken da aka yi a kan masu wannan aiki ya nuna mafi yawansu maza ne masu ilimin jami'a da lokacin hutu, sannan 'yan kaɗan daga cikinsu ne ke yin mafi yawan aikin. Hukumar safiyo, duk da tsadarta da jinkirinta, doka ta ɗora mata auna ko'ina, ɗan gayya kuwa babu wanda zai tuhume shi don ya tsallake wata unguwa. Illar wannan ta fi ta kuskuren mita shida, saboda hanyar da aka zana a karkace ana ganinta a gyara, amma unguwar da ba a zana ba sam tana bayyana a allo kamar fili, kuma mai duba taswirar ba shi da hanyar sanin ko daji ne ko gidajen mutane.

Daga nan ne tunanin Haklay ya karkata daga awo zuwa tambayar iko. A wata maƙala ta 2013 ya soki iƙirarin da ake yawan yi cewa sababbin kayan taswira sun mayar da ilimin ƙasa hannun kowa, ya kira wannan iƙirari ruɗi, yana nuna cewa samun izinin shiga daban yake da samun ikon juya akalar aiki. A shekarar kuma ya fitar da matakai huɗu na shigar jama'a cikin bincike. A na ƙasa mutum na'urar tattara bayani ne kawai, a na biyu yana fassara abin da aka ba shi, a na uku yana da baki wajen tsara tambaya da tattara amsa, a na ƙoli kuwa jama'a ne ke zaɓar matsalar, su tattara bayanin, su kuma shiga nazarinsa tare da masana. Mafi yawan abin da ake kira taswirar jama'a, idan aka auna shi da wannan tsani, bai wuce mataki na biyu ba.

Bai tsaya ga suka ba. Tare da Jerome Lewis, masanin al'adun ɗan Adam da ya daɗe yana zama da Mbendjele, mafarautan dajin arewacin Jamhuriyar Kongo, ya kafa rukunin bincike a UCL wanda ya ƙirƙiro manhajar waya mai suna Sapelli, sunan wata babbar bishiya da kamfanonin katako ke nema ruwa a jallo, wadda kuma a kanta ake samun tsutsotsin da mutanen dajin ke ci a lokacin da nama ya yi wuya. Manhajar ba ta da rubutu ko ɗaya. Mafarauci da bai taɓa shiga aji ba yana isa gindin bishiyar, ya taɓa hoton da ke nuna ta, wayar ta ɗauki matsayin wurin daga tauraron ɗan Adam ta adana. Haka zai yi idan ya tarar da kabari, ko mashayar ruwa da motar katako ta ɓata, ko sansanin masu farautar haram. Hotunan kansu tare da mutanen ake zana su, a yi ta gyarawa har sai kowa ya gane abin da suke nufi, kuma su ne ke yanke shawarar wanda za a nuna wa bayanin, domin taswirar da ke nuna inda dabbobi suke tana iya zama jagora ga ɓarawon daji.

Akwai ƙalubale biyu da ya kamata a auna wannan matsayi da su. Na farko shi ne girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairun 2010, inda ɗaruruwan 'yan sa kai daga ƙasashe daban-daban suka zana birnin Port-au-Prince daga hotunan tauraron ɗan Adam cikin 'yan makonni, har ma'aikatan agaji suka dogara da aikinsu, abin da ya kai ga kafa ƙungiyar agaji ta OpenStreetMap, daga baya kuma shirin Missing Maps a 2014. Wannan ya nuna ana iya kai gayya gonar marar jama'a idan an shirya ta, kuma gyara ne na gaskiya ga binciken 2008. Sai dai mai zane daga nesa rufin gida yake gani da layin hanya, ba ya ganin sunan unguwa, ba ya bambanta makaranta da asibiti, kuma idan hankalin duniya ya koma wani bala'in babu mai sabunta abin da ya zana. Shirin taswirar Kibera a Nairobi, wanda ya fara a 2009 da matasan unguwar kansu, ya fi kusa da abin da Haklay ke nufi. Ƙalubale na biyu ya fi wuyar amsawa, kuma a nan aikinsa yana da rauni: matakin ƙoli yana cin shekaru na zama da mutane da kuɗin tallafin bincike, yana kuma rataye a wuyan masani ɗaya ko biyu da jama'a suka amince da su, don haka yana da wuya a ga yadda za a shimfiɗa shi a kan ƙasa guda.

Arewacin Nijeriya ya ga wani abu da ke tsakanin zane daga nesa da aiki da mutanen wuri a yaƙin kawar da shan inna. Taswirorin hannu da ma'aikatan rigakafi ke amfani da su sun kasance suna tsallake ƙananan ƙauyuka da rugage, don haka daga wajen 2012 aka koma zana matsugunai daga hotunan tauraron ɗan Adam, ana kuma ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka. Hoton ya fito da gidajen da ba a san da su ba, amma bai iya faɗin sunayensu ba, sai da aka tura ma'aikatan gunduma suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna tambayar masu unguwanni da dagatai. A yankin da ake iya samun Sabon Gari ko Tudun Wada fiye da ɗaya a ƙaramar hukuma guda, inda kuma rugar da hoton rani ya nuna ta riga ta tashi kafin damina, wannan tambaya ta baki da baki ita ce ta mayar da ɗigon da ke allo wurin da za a iya aika ayari. Aikin na albashi ne da hukumomi da masu ba da tallafi suka tsara, kuma mutanen da suka ba da sunayen ba su ne suka riƙe taswirar ba, wato a tsanin Haklay yana matakin ƙasa, ko da yake yana cikin abubuwan da suka taimaka har aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga nahiyar Afirka a watan Agustan 2020.