Gyaran Kulocin Babur ɗin Dusar Ƙanƙara: Saukar Giya da Birkin Inji

Babur ɗin dusar ƙanƙara abin hawa ne mai inji da ake tafiya da shi a kan dusar ƙanƙara a Kanada, da arewacin Amurka, da Finland da maƙwabtanta. A gaba yana da silalo biyu, a baya kuma faffaɗar kaca ta roba ce ke tura shi. Ya yaɗu ne tun daga 1959, lokacin da kamfanin Joseph-Armand Bombardier na garin Valcourt a lardin Kebek ya fitar da Ski-Doo. Polaris da Arctic Cat kuwa a jihar Minesota suka taso. Baburan nan ba su da giyar da ake sawa da hannu ko ƙafa. Kuloci biyu ne da bel a tsakaninsu suke sauya giya da kansu, kamar yadda ake gani a ƙananan babura masu bel. Gyaran waɗannan kuloci don su sauke giya da sauri, kuma inji ya riƙe babur a gangare, fanni ne mai zaman kansa a wajen bakanikai.

Kulocin gaba yana kan bakin inji. A cikinsa akwai ƙarafan nauyi da sifirin. Idan inji ya ɗau juyi, ƙarafan su buɗe, su matse farantan kulocin guda biyu, bel ya kama sannan ya riƙa hawa sama. A manyan injuna masu bugu biyu, bel yakan kama ne wajen juyi 4,000 a minti, ƙarfin injin kuma yakan cika a kusan 8,000. Kulocin baya yana da nasa sifirin, da wani ƙarfe mai gangare murɗaɗɗe da ake kira helis. Shi ne ke jin nauyin da kaca ke fama da shi, ya matse bel gwargwadon haka.

Saukar giya ita ce komawar bel zuwa ƙaramar giya idan nauyi ya ƙaru ko aka sassauta totur. Mahayi ya fito daga tafarki mai tauri ya faɗa dusa mai zurfi, kaca ta yi nauyi nan take. Idan kulocin baya ya amsa da wuri, bel zai hau samansa, inji ya ci gaba da juyi inda ƙarfinsa yake. Idan ya yi nawa, inji ya shaƙe, juyinsa ya faɗi, babur ya nutse ya kafe. Haka ma a fitowa daga kwana: an saki totur, an sake dannawa, sai a ji inji yana gurnani kafin ya farfaɗo.

Mafi yawan maganin wannan a kulocin baya yake, kuma a nan ne masu gaggawa ke kuskure, su yi ta sauya ƙarafan gaba alhali matsalar tana baya. Helis mai ƙaramar kusurwa yana ƙara matse bel, giya ta sauko da sauri, amma hawanta ya yi jinkiri. Mai babbar kusurwa yana hawa da sauri a fili, sai dai ba ya saurin komowa. Shi ya sa ake ƙera helis mai kusurwa biyu, misali ya fara da digiri 44 ya ƙare da 40. Sifirin mai tauri shi ma yana gaggauta saukowa, ya ɗaga juyin inji. Amma idan taurin ya wuce kima, bel ya yi zafi, gudun ƙarshe ya ragu, bel kuma ya mutu da wuri. Bayan an taɓa baya, dole a koma gaba a daidaita nauyin ƙarafa har juyi ya zauna daidai. Kulocin TRA na Ski-Doo yana da maɓallan daidaitawa masu matsayi shida don wannan aiki. Masu hawa duwatsu kuwa suna rage nauyin ƙarafa, domin inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tsayi.

Birkin inji wani abu ne daban, ko da yake ya dogara da saukar giya. Idan aka saki totur a gangare, kaca ce ke juya inji, matsin injin kuma ya rage gudu. Wannan yana yiwuwa ne kawai muddin bel yana kame a kulocin gaba. Da zarar juyi ya faɗi ƙasa da inda bel ke kamawa, farantai su buɗe, babur ya zura a sake. Saboda haka gogaggun mahaya kan ɗan taɓa totur a gangare don bel ya sake kamawa, maimakon su danne birki har kaca ta kulle ta riƙa zamewa. Sifirin gaba mai laushin farko yana sa bel ya daɗe a kame. Inji mai bugu biyu riƙonsa kaɗan ne, mai bugu huɗu kuwa nasa yakan yi yawa, har Yamaha ta sa wa wasu baburanta na'urar rage shi.

Kafin a sayi wani sabon ƙarfe, ana duba bel ko ya sirance ko ya yi santsi, a goge farantai, a duba ƙananan tayoyin helis, domin kuloci mai datti ba ya sauke giya ko da wane sifirin aka sa masa. Bakanikai kan ja layi da alƙalamin maka a kan faranti, a zagaya, a dawo a ga iyakar inda bel ya share. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, ana lura da agogon juyin inji, a kan irin dusar da za a riƙa hawa a kai.