Tsohuwar waƙa tana da mai ita

Jama'ar Alakos, kun san Malam Maman Barka, mutumin Tasker, mai kiɗan gurumi. Malamin lakwal ne kafin ya yi suna a waƙa. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi, ya koyi kiɗan biram wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage da sanin wannan kiɗa. Ya rasu a Yamai a 2018.

A da, a kaset ake sayen waƙoƙinsa. Yanzu kaset ya ɓace a kasuwa, sai yara su tura wa juna a waya. Wasu na cewa abin da aka daina sayarwa ba shi da mai shi.

Doka ba ta ce haka ba. Tun 1886 ƙasashe suka yi yarjejeniya a birnin Bern don kare haƙƙin masu fasaha, Nijar ma tana ciki. A 1993 ta kafa tata doka, daga baya aka buɗe ofishin BNDA a Yamai. Haƙƙin mawaƙi yana komawa ga magadansa, aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa.

Manomi ya san wannan. Gona ko an bar ta saura, tana da mai ita.

Amma kaset yana lalacewa. In ba wanda ya kwafa, waƙar ta tafi, kamar yadda biram ya kusa tafiya. Saboda haka mu adana, mu faɗi sunan mai waƙa. Wanda zai sayar kuwa, ya nemi izini, ya ba magada haƙƙinsu.