Lauyan Wanda Ake Tuhuma: Abin Da Ya Faru Tsakanin Bakori Da Katsina

A yawancin littattafanmu, lauyan da ke kare wanda ake tuhuma ɗayan biyu ne: ko maƙaryacin da ya karɓi kuɗin azzalumi, ko kuma jarumin da zai tashi ya yi ta zuba turanci har alƙali ya zubar da hawaye. Wannan makon bari mu koma wata shari'a ta gaskiya da aka yi a ƙasarmu, mu ga yadda aikin yake.

A watan Maris na 2002, kotun shari'ar Musulunci da ke Bakori a Jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal, wata bazawara daga ƙauyen Kurami, hukuncin jifa. Hujjar kotu ita ce jaririyar da ta haifa da kuma iƙirarin da ta yi da bakinta. Mutumin da ta ambata ya musanta, ya yi rantsuwa, aka sallame shi. A wannan zama babu lauya ko ɗaya a gefenta.

Sai bayan hukunci ne lauyoyi suka shigo, da tallafin ƙungiyoyin WRAPA da BAOBAB. Barista Aliyu Musa Yawuri ne ya jagoranci muhawara, akwai kuma Barista Hauwa Ibrahim a cikin tawagar. Ɗaukaka ƙarar farko ba ta yi nasara ba, domin a ranar 19 ga Agusta 2002 babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin. Yawancinmu a lokacin muna goye ko ma ba a haife mu ba, amma iyayenmu na tuna yadda maganar ta cika rediyo, har wasu 'yan takarar sarauniyar kyau ta duniya suka ƙi zuwa Nijeriya saboda ita.

To a nan ne ya kamata mu nutsu. Lauyoyin ba su je kotu suna zagin Shari'a ba. Da littattafan fiƙihun Malikiyya da dokokin da Jihar Katsina ta kafa da kanta suka yi aiki. Suka ce dokar jiha ta tanadi alƙali ya zauna tare da mambobi biyu, amma a Bakori shi kaɗai ya zauna. Suka ce ba a fayyace wa Amina laifin da ake tuhumarta da shi yadda za ta gane nauyin abin da take amsawa ba. Suka ce wanda ya yi iƙirarin laifin haddi yana da damar janyewa, kuma ta janye, kotun Funtuwa ta ƙi saurare. Sannan suka kawo mas'alar kwantaccen ciki: a mazhabar Malikiyya ciki na iya kaiwa shekara biyar, don haka abin da bazawara ta haifa cikin wannan tsakani ana iya jingina shi ga tsohon mijinta. Likita zai yi gardama a kan wannan, mun sani. Amma lauya ba ya cewa tabbas haka ta faru. Abin da yake nunawa shi ne akwai shubuha, kuma malamai sun daɗe da karantar da cewa ana kawar da haddi da shubuha.

Ranar 25 ga Satumba 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta rushe hukuncin. Alƙalai huɗu suka amince, ɗaya ya saɓa. Kafin nan, a Maris 2002, takwararta ta Sakkwato ta sallami Safiya Hussaini, cikin dalilanta har da cewa abin da ake zargi ya riga fara aikin dokar.

Mutane da yawa sun ɗauka hayaniyar Turai ce ta kuɓutar da Amina. Mu dai ba mu gamsu ba. A watan Mayu na 2003, BAOBAB da kanta ta fitar da wasiƙa tana roƙon masu yaɗa takardun koke a intanet su dakata, domin akwai kurakurai a cikinsu kuma suna iya ɓata shari'ar.

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma yana da haƙƙin kare kansa ko ya ɗauki lauyan da ya zaɓa. A takarda ke nan. Matar da ta tsaya gaban alƙalin Bakori ba ta san da wannan sashe ba, ba ta kuma san cewa tana iya janye maganarta ba. Sanin hakan ya ɗauki kotu uku da wata goma sha takwas.

Duk wanda ke da babin kotu a rubutunsa, ya ajiye mana shi a ƙasa mu duba tare kafin Juma'a.