Tarihin Daidaita Rahoton Binciken Fitsari don Gano Sankarar Mafitsara

Binciken ƙwayoyin fitsari reshe ne na ilmin ɗibbu wanda a cikinsa ake tace fitsarin majiyyaci, a shafa abin da ya kwanta a kan gilashi, a rina shi, sa'an nan a duba ƙwayoyin halittar da suka saɓule daga bangon mafitsara da madubin likita, domin a gane ko sankara ta kama su. Ko da yake hukama'un da, irin su Ibnu Sina a cikin Alƙanun, sun tsawaita bayani a kan launin fitsari da kaurinsa, ba a kafa wannan hanya a kan hujja ba sai a 1945, sa'ad da George Papanicolaou da Victor Marshall suka wallafa bincikensu a Amurka.

Bayan haka saɓani ya yawaita, domin kowane ɗakin gwaji yana da isɗilahinsa, har ya zamana abin da wani masani ya kira mai shubuha wani ya wanke shi sarai, likita kuwa ya rasa ko ya zura madubi cikin mafitsara ko ya sallami majiyyaci. Saboda haka masana suka ƙulla shawara a babban taronsu na birnin Faris a 2013, suka fitar da Tsarin Faris a 2016, suka sabunta shi a 2022. Maƙasudinsa shi ne gano mugunyar sankarar da ke saurin yaɗuwa, kuma ya shar'anta cewa ba a yanke hukuncinta sai cibiyar ƙwayar ta cinye kashi 7 cikin 10 na girmanta, ta yi duhu, gefenta ya yamutse. Abin da bai cika sharuɗɗan ba kuwa an ba shi matsayinsa da sunansa.

A birnin Kano mas'alar tana da wata fuska, domin kududdufan da aka haƙa don ginin gidaje da ganuwa matattara ce ta dodon koɗi, wanda ke ɗauke da tsutsar tsargiya da Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Ƙwan tsutsar yakan maƙale a bangon mafitsara shekaru masu yawa, har ya haifar da wani nau'in sankara wanda ba shi Tsarin Faris ya sa a gaba ba, ko da yake ya tanadar masa babi. Don haka wajibi ne likitan Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ya haɗa rahoton da tarihin majiyyacin.

Kira ga iyaye shi ne kada su ɗauki fitsarin jini a wurin yaro alamar balaga, domin yawanci alamar tsargiya ce, cuta mai magani, kuma dattijon da ya ga jini a fitsarinsa ya gaggauta zuwa asibiti.